Tambaya da Amsa: Yatsana Yana Maƙalewa Idan Na Riƙe Sandar Fatsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, shekaruna sun haura hamsin. Wani abokin hulɗata ne ya koya mini kamun kifi da irin fatsar nan da ba a sa mata tana, sai ƙwaron ƙarya da ake ɗaurawa da gashin tsuntsu da zare, a riƙa kaɗa igiyar gaba da baya a iska kafin a sauke ta a kan ruwa. Abin ya shiga raina, har ya zama ƙarshen mako nakan tafi wajen Epe, wani lokaci kuma in hau jirgi zuwa Tarkwa Bay. To, a 'yan watannin nan yatsan tsakiya na hannuna na dama ya fara ba ni wahala. Da safe nakan tashi in same shi a lanƙwashe, sai na sa ɗaya hannun na miƙe shi, ya yi ƙas da zafi. Ranar da na wuni a bakin ruwa kuwa, washegari ko kofin shayi ba na jin daɗin riƙewa. Ina da ciwon suga. Wasu sun ce sanyin ruwa ne ya kama ni, wasu sun ce in je mai ɗori ya ja mini yatsan. Mene ne wannan, kuma dole ne in haƙura da fatsar? Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya. Ba a yanke hukunci a kan ciwo daga wasiƙa, amma abin da ka bayyana ya yi daidai da lalurar maƙalewar yatsa, wadda likitocin hannu suka daɗe da sani, domin tun a shekarar 1850 wani likita ɗan Faransa mai suna Alphonse Notta ya yi bayaninta a rubuce. Kafin komai, ka sa babban yatsan hannunka na hagu a tafin hannunka na dama, daidai gindin yatsan da ke ciwo, inda layin tafi yake gitta, ka danna a hankali, sannan ka lanƙwasa yatsan ka miƙe. Idan ka ji zafi a wurin, ko ka ji wani ɗan ƙululu yana zirga-zirga a ƙarƙashin fata, to ka taɓa inda matsalar take. Mutane da yawa suna nuna gaɓar tsakiyar yatsa idan an tambaye su inda ke damunsu, saboda a nan suke ganin yana tsalle, alhali kuwa gaɓar lafiyarta ƙalau, abin yana can ƙasa a tafi.

Bayanin kuwa ba zai yi maka wuyar ganewa ba, tunda ka san sandar fatsa. Naman da ke lanƙwasa yatsu ba a cikin yatsun yake ba, yana damtsen hannu tsakanin gwiwa da wuyan hannu, kuma yana jan yatsun ne da dogayen jijiyoyi masu ƙarfi da suka ratsa tafi. Kowace jijiya tana bi ta cikin wasu zobba na nama mai tauri da suke riƙe ta jikin ƙashi, kamar yadda igiyarka take bi ta cikin zobban da ke jikin sanda. Idan igiyar ta yi ƙulli, ko zoben farko ya matse, za ka ga tana wucewa da ƙyar, ta tsaya, sannan ta fizge gaba ɗaya. Haka yake faruwa a hannunka: zoben farko, wanda yake gindin yatsa, ya yi kauri ya ƙuntata, jijiyar kuma ta kumbura a wurin da take gogarsa. Naman da ke lanƙwasa yatsa ya fi wanda ke miƙe shi ƙarfi, shi ya sa ƙullin yake iya wucewa idan ka dunƙule hannu, amma ya kasa komowa idan ka zo buɗewa. Da dare kuma mutum yakan kwana da hannu a dunƙule, kumburi ya taru ba motsi, shi ne dalilin da abin ya fi tsanani da asuba ya kuma ɗan saki idan rana ta ɗaga.

Ka ga ke nan ba sanyin ruwa ne ya shiga jikinka ba, ko da yake sanyi yana ƙara sandarar da hannun da ya riga ya kamu. Haka kuma babu ƙashin da ya goce balle mai ɗori ya mayar da shi. Masu ɗori suna da aikinsu, amma jan yatsa da ƙarfi a wannan lalura tilasta wa ƙulli ne ya ratsa ƙuntataccen zobe, kuma kowace ratsawa ƙarin kumburi take bari. Ina roƙonka ka bar wannan shawara, ka kuma daina gwada yatsan kowane lokaci don ka ji ko har yanzu yana yin ƙas, domin wannan ma ɗabi'a ce da masu lalurar suke faɗawa ciki ba su sani ba.

Maganar ciwon suga da ka kawo a ƙarshen wasiƙarka ita ce a wurina ta fi kowace muhimmanci. A cikin jama'a gaba ɗaya, kimanin mutum 2 zuwa 3 cikin 100 ne suke gamuwa da maƙalewar yatsa a rayuwarsu, amma a cikin masu ciwon suga adadin yakan kai kimanin 10 cikin 100, kuma su ne suka fi samun ta a yatsa fiye da ɗaya. Sugan da ya daɗe yana yawa a jini yana sa irin wannan nama na jijiyoyi da zobbansu ya yi kauri ya rage laushi. Lalurar ta fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, ta fi yawa a mata, ana kuma ganinta a masu amosanin gaɓoɓi. Saboda haka ba zan ɗora wa fatsa laifin duka ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne shekaru da suga sun shirya wurin, riƙon sanda kuma ya tayar da shi. Idan ka daɗe ba a yi maka gwajin da ke nuna matsakaicin suganka na watanni uku ba, to ka haɗa shi da zuwa ganin likita a kan hannun.

Yanzu mu zo bakin ruwa. Wannan salon kamun kifi ya bambanta da fatsar da muka sani a gida, wadda ake laƙa wa ƙugiya tana a jefa a zauna jira. A nan nauyin igiya ne yake kai ƙwaron inda ake so, don haka hannu ba ya hutawa, ana jifa ana janyowa ana sake jifa tun safe har a tashi. Akwai wurare uku da yatsanka yake shan wahala. Na farko shi ne riƙon mariƙin sanda, wanda gefensa yake danna daidai gindin yatsu, wato a kan zoben da ke ciwo. Na biyu shi ne yatsan da ake maƙale igiya da shi a jikin mariƙi yayin da ɗaya hannun yake janyo ta kamu-kamu, kuma tunda yatsan tsakiya ne yake damunka, ina kyautata zaton da shi kake wannan aiki, yana lanƙwashe yana matsewa tsawon sa'o'i. Na uku shi ne lokacin da babban kifi ya kama, mutum ya damƙe sanda da igiya da dukan ƙarfinsa ba tare da ya lura ba.

A kan riƙo, mafi yawan waɗanda suka koyi wannan fatsa da girmansu suna damƙar sanda fiye da yadda ake bukata, musamman idan suna fama da iskar teku irin ta Tarkwa Bay. Nisan jifa ba daga ƙarfin damƙa yake zuwa ba, daga iya tsayar da sanda a kan lokaci yake zuwa. Ƙwararru suna riƙe ta sako-sako a duk tsawon kaɗawar, sai daidai lokacin tsayarwa a gaba da a baya su ɗan matse na ɗan ƙiftawar ido su sake. Ka gwada wannan a fili a tsakar gida ko a kan ciyawa, ba tare da ƙugiya ba, har hannunka ya saba. Idan ka kalli gaɓoɓin yatsunka ka ga fatarsu ta ɗame ta yi haske, ka san ka matse da yawa. Akwai kuma dabarar da ake fizgar igiya da hannun hagu sau ɗaya a kaɗawar baya sau ɗaya a ta gaba, wadda take ƙara wa igiya gudu ta kuma raba aikin tsakanin hannu biyu. Wanda ya koya maka fatsar zai iya nuna maka ita, kuma ga mai ciwon hannu ta fi sabuwar sanda amfani.

Sai mariƙin kansa. Siririn mariƙi yana tilasta wa yatsu su lanƙwashe har ƙarshe kafin su kama shi, kuma a cikakken lanƙwaso ne ƙullin yake shigewa zobe ya maƙale. Ka ƙara masa kauri. Ana samun robar da ake naɗewa a mariƙin abin buga ƙwallon tanis a shagunan kayan wasanni, ita ce ta fi dacewa don tana da laushi kuma ba ta santsi idan ta jiƙe, idan kuma ba ka samu ba, tsohon tub ɗin keke da aka yanka siriri zai yi aikin. Ka naɗa har ya zama idan ka riƙe, kan yatsunka ba ya taɓa tudun babban yatsa. Safar hannu mai ɗan soso a tafi, irin ta masu tuƙa keke, tana rage dannar da gindin yatsa yake sha. Batun maƙale igiya kuwa, ka mayar da aikin kan manuniya, ka bar yatsan tsakiya ya kwanta a jikin mariƙi kawai, kuma kada ka matse igiyar sai lokacin da kifi ya taɓa, sauran lokaci ta riƙa zamewa a ƙarƙashin yatsa.

Ka duba kuma nauyin kayanka. Ana jera sanduna da igiyoyin wannan fatsa ne da lamba, ƙaramar lamba ga ƙananan kifaye, babba ga manya, kuma masu neman manyan kifayen ruwan gishiri sukan yi amfani da lamba 8 zuwa 12. Wuni guda ana kaɗa lamba 10 a cikin iska aiki ne ko ga matashi. Har hannunka ya warware, ka koma lamba 5 ko 6 ka nemi karfasa da ire-irenta a ruwan da ya lafa wajen Epe, ka bar bakin teku tukuna. Idan kifi mai ƙarfi ya kama, kada ka yi kokawa da shi da igiya a yatsa. Ka bar shi ya janye rarar igiyar da ke ƙasa har ya koma kan na'urar naɗe igiya, birkinta ya yi maka aikin, ka kuma tokare gindin sanda a cikinka ko a damtsenka don nauyin ya bar yatsu. Wajen cire ƙugiya daga bakin kifi ka yi amfani da filaya mai dogon baki, kuma idan ka danne ɗan haƙorin ƙugiyar tun farko, cirewar ba za ta bukaci ƙarfi ba. Akwai sanduna masu tsawo da ake kaɗawa da hannu biyu, waɗanda salon jifansu ya samo asali daga kogin Spey na Sukotilan, kuma suna sauƙaƙa wa yatsu ƙwarai, sai dai ba zan sa ka kashe kuɗi a kansu ba kafin ka gwada gyare-gyaren da ba sa cin komai.

Duk waɗannan dabaru na rage wahala ne, ba su ne maganin ba. Tunda yatsanka ya kai matsayin da sai ka sa hannu kake miƙe shi, ina ganin ya dace ka ajiye sanda na 'yan makonni ka fara jinya sosai. Matakin farko shi ne ɗaure yatsan da dare da abin da zai hana gindinsa lanƙwashewa, ya kwana a miƙe, na tsawon kimanin makonni shida. Likitocin gashin ƙashi suna yin irin wannan madauri daidai da hannun mutum, ana kuma sayar da na roba a manyan shagunan magani. Kada a ɗaure da ƙarfi har kan yatsa ya yi sanyi ko ya dushe, kuma mai ciwon suga ya riƙa duba fatar kowace safiya don gudun gyambo. Da asuba, kafin ka tilasta wa yatsan komai, ka tsoma hannun a ruwan ɗumi na 'yan mintoci, wanda ka gwada zafinsa da gwiwar hannu domin suga yana iya rage jin zafi a yatsu, sannan ka riƙa lanƙwasa gaɓoɓin sama biyu kawai kana barin gindin yatsun a miƙe, a hankali, ba tare da ka kai inda yake maƙalewa ba. Ka lura kuma da sauran abubuwan da kake damƙa a wuni, kamar sitiyarin mota a cunkoson hanyar Legas da hannun ledar kaya mai nauyi, don su ma a kan wannan zobe suke sauka.

Magungunan rage zafi da kumburi irin su ibuprofen da diclofenac suna sassauta ciwon, amma ba sa buɗe zoben da ya ƙuntata, kuma ga mai ciwon suga, ko hawan jini, ko gyambon ciki, shan su kullum yana iya cutar da ƙoda da ciki. Na shafawa ya fi na sha sauƙin haɗari. Abin da na fi jiye maka tsoro shi ne ƙwayoyin da ake haɗawa a ƙulle a leda a ce maganin sanyin ƙashi ne, domin sau da yawa akwai sinadarin sitiroyid, wato wani maganin rage kumburi mai ƙarfi, a cikinsu, wanda zai ba ka sauƙi na 'yan kwanaki ya kuma hargitsa maka suga.

Idan ɗauri da hutu ba su wadatar ba, mataki na gaba allurar sitiroyid ce da likita yake yi a daidai bakin zoben. Wannan daban take da waccan ƙwaya, domin ƙaramin awo ne a wuri guda a hannun wanda ya san inda zai sa. Tana warkar da kimanin rabi zuwa kashi biyu cikin uku na waɗanda aka yi wa, aikinta yakan bayyana daga 'yan kwanaki zuwa 'yan makonni, amma a masu ciwon suga nasararta ta fi ƙasa da haka, kuma tana ɗaga suga na wasu kwanaki, don haka ka gaya wa likita lalurarka kafin a yi, ka kuma riƙa auna suganka a makon. Ba a yawaita ta a yatsa ɗaya, galibi idan an yi sau biyu abin ya dawo sai a yi maganar tiyata. Tiyatar kuwa ƙarama ce, ana kashe wurin da allura kana farke, a ɗan tsaga tafi a yanke zoben farko don jijiya ta samu hanya, aikin ba ya wuce kimanin minti 20, kuma a ranar ake komawa gida. Sauran zobban sun isa su riƙe jijiyar, don haka yatsan ba ya rasa ƙarfinsa, kuma fiye da mutum 9 cikin 10 suna rabuwa da maƙalewar. Ana cire zaren ɗinki bayan kwana 10 zuwa 14, damƙa mai ƙarfi kuma sai bayan wasu makonni. Kada ka kai hannun ruwan tafkin Legas sai raunin ya rufe sarai. A nan Legas ana duba irin wannan a Asibitin Ƙashi na Ƙasa da ke Igbobi, da asibitin koyarwa na Idi-Araba, da na Ikeja. Abin da ba na so shi ne ka jira har yatsan ya ƙi miƙewa ko da taimakon ɗaya hannun, domin idan ya daɗe a haka gaɓar tsakiya takan sandare, kuma wannan ya fi maƙalewar wuyar gyara. Amsar tambayarka ta ƙarshe dai ita ce, ba sai ka haƙura da fatsa ba, hutu ne na wani lokaci da gyaran riƙo.

TAMBAYA: Maigidana masunci ne, daga Yawuri muka zo, yana su a wajen Badagry. Ƙugiya ta soke shi a yatsa kwana uku da suka wuce, yanzu yatsan ya kumbura ya lanƙwashe, ba ya barin kowa ya taɓa. Shin irin maƙalewar yatsan nan ce da ake cewa tana kama masu jan igiya? Daga wata mai karatu a Badagry.

AMSA: Malama, wannan ba ita ba ce, kuma ba abin jira ba ne. Maƙalewar yatsa a hankali take zuwa cikin makonni ko watanni, ba kasafai take bin rauni ba, kuma ba ta kumbura yatsa gaba ɗaya. Idan yatsa ya kumbura daga gindi har kai bayan wani abu ya soke shi, ya tsaya a ɗan lanƙwashe, ana jin zafi a duk tsawon cikinsa idan an danna, kuma miƙe shi yana sa mutum ya yi ihu, to ana tsoron ƙwayoyin cuta sun shiga kuben da jijiyar take ciki. Wurin a rufe yake, mugunya ba ta da mafita, kuma cikin 'yan kwanaki tana iya lalata jijiyar har yatsan ya daina aiki, ko ta bazu zuwa tafi. Ƙugiyar da ta sha ruwa da jinin kifi ba ta rasa datti. Ki sa a kai shi asibiti yau, wurin da ake da likitan fiɗa, domin zai bukaci maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, sau da yawa ta jijiyar jini, wani lokaci har da buɗe wurin a wanke, tare da allurar rigakafin sandarar wuya, wato tetanus, idan ya daɗe ba a yi masa ba. Kada a bar wanzami ya tsaga, kada a ɗaure da ganye ko a matsa don a fitar da mugunya, kuma idan akwai zoben ado a yatsan ko na kusa da shi, a cire shi tun kafin kumburin ya hana. A kan hanya ya riƙe hannun a ɗage sama da ƙirjinsa, ku kuma gaya wa likita ranar da ƙugiyar ta soke shi da irin ruwan da yake aiki a ciki.